Evelyn Smythe: Dattijuwar Da Ta Gyara Wa Dakta Zama

Yau ba zancen siyasa ko tsadar haya zan yi ba. So nake in kare wani ra'ayi da na daɗe ina riƙe da shi, wanda duk sanda na faɗe shi a gaban masu bin shirin Doctor Who sai a yi mini kallon wanda ya zo kasuwa da tsohon kuɗi. Ra'ayin shi ne: a duk waɗanda suka taɓa yi wa Dakta rakiya a yawonsa, tun daga 1963 har zuwa yau, ba a yi kamar Evelyn Smythe ba. Kuma wannan baiwar Allah ba ta taɓa fitowa a shirin na talabijin ba, ko da na minti ɗaya. Murya ce kawai a cikin faifai.

Bari in ɗan share fage saboda mai karatun da bai san dawan garin ba. Doctor Who shiri ne na BBC da aka fara nunawa a Ingila ranar 23 ga Nuwamba 1963. Jarumin shirin ba mutum ba ne irinmu, daga wata duniya ya fito, sunansa kawai Dakta, kuma yana da wani jirgi mai suna Tardis wanda daga waje ka ce ɗan akwatin wayar 'yan sanda ne shuɗi, amma cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. Da shi yake komawa jiya, ya leƙa gobe. Idan mutuwa ta zo masa sai ya sauya jiki da fuska da hali, dabarar da ta ba masu shirin damar canza ɗan wasa ba tare da labari ya tsaya ba. Kusan kullum yana tafe da abokin tafiya, galibi mace. Mu ma nan ƙasar shirin ba baƙonmu ba ne. An nuna shi a gidajen talabijin ɗinmu a da, har ma a watan Oktoba 2013 BBC ta sanar da cewa an gano kashi tara na shirin, na shekarun 1967 da 1968, waɗanda su kansu Turawan suka batar, ajiye a wata tashar talabijin a Jos.

A 1989 BBC ta dakatar da shirin. In ka cire fim guda da aka yi a 1996, bai dawo ba sai 2005. A cikin wannan tsawon fari ne wani ƙaramin kamfani mai suna Big Finish ya sami lasisi a 1999 ya riƙa shirya sababbin labarai na saurare kawai, kamar wasan kwaikwayon rediyo, yana sayarwa a faifan CD, da muryoyin tsofaffin 'yan wasan da suka taɓa zama Dakta. Evelyn ita ce abokiyar tafiya ta farko da kamfanin ya ƙirƙira da kansa.

To, kafin a gane darajarta sai an san wanda aka haɗa ta da shi. Colin Baker shi ne Dakta na shida, daga 1984 zuwa 1986, kuma shi ne wanda bai ji daɗin zamansa ba. An ɗinka masa wata kwat mai launi barkatai kamar an haɗa ƙyallayen da tela ya zubar. An rubuta shi mai girman kai, mai tsawa, mai son jin muryarsa. A cikakken labarinsa na farko ma, The Twin Dilemma, sai da ya shaƙe wuyan abokiyar tafiyarsa Peri. Manufar masu shirin ita ce a fara da shi da ɗaci, sannu a hankali ya yi zaƙi, amma ba a ba shi lokacin ba: an tsayar da shirin na wata 18 a 1985, sannan a ƙarshen 1986 aka sallame shi. Abin da mutane suka riƙe daga zamaninsa shi ne shi da Peri suna cacar baki a cikin Tardis kamar miji da matar da aka yi wa auren dole.

Me za a yi da irin wannan mutum? Hanya mai sauƙi ita ce a rage masa zafi kawai, a mai da shi salihi, a ce ai ya canza. Ba haka aka yi ba. Sai aka kawo masa wadda tsawarsa ba ta razana ta.

A labarin The Marian Conspiracy na shekarar 2000, wanda Jacqueline Rayner ta rubuta, Evelyn malamar tarihi ce a jami'a a garin Sheffield, shekarunta 55, ƙwarewarta a kan zamanin sarakunan gidan Tudor. Tana tsakiyar lacca Dakta ya faɗo ajin da wata na'ura mai ƙara, ita kuwa ta yi masa abin da kowace malama za ta yi wa ɗalibin da ya hana aji sakat. Daga nan aka gano cewa wani kakan kakanninta yana gogewa daga tarihi, ita ma tana shirin bin sa. Ba gayyatarta aka yi ba, ita ta ce ƙafarta ƙafarsa, domin wace malamar tarihi ce za a nuna wa ƙofar ƙarni na 16 ta ce a gai da su? Ta haɗa jakarta, har da garin koko (ba kokon gero ba, mai karatu, na cakulan), ta shiga jirgi.

Abin da ya fara saye zuciyata a wannan labari shi ne yadda aka bar iliminta ya kayar da ita. Tana zaton zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko suka sauka, sai ta shiga wata mashaya ta ɗaga kofi tana yi wa Elizabeth fatan alheri, alhali shekarar 1555 ce, yayarta Mary ke kan gado, kuma a lokacin irin wannan magana tana iya kai mutum ga wuta. Mary ta yi mulki daga 1553 zuwa 1558, kuma a zamaninta an ƙona mutum wajen 280 saboda saɓanin aƙida. Evelyn ta shekara da shekaru tana koyar da wannan adadi a kan allo. Yanzu ga ta zaune da mutanen da adadin yake nufi. Wanda duk ya taɓa karanta labarin wata ƙasa a littafi sannan ya je ya zauna a cikinta ya san wannan bambanci.

Ga inda hujjata take. Aikin abokiyar tafiya a talabijin, in za a faɗi gaskiya, iri uku ne: ta tambayi Dakta me ke faruwa don a yi wa ɗan kallo bayani, ta faɗa hannun mugu don a cece ta, sannan ta yi kyan gani. Na ukun nan ba ƙage na yi ba. Leela ta shigo a 1977 sanye da 'yar fata, Peri kuma an gabatar da ita a 1984 cikin kayan ninƙaya. Ba ina cewa 'yan wasan ba su iya ba ne, sun iya ƙwarai, kuma tun farkon shirin an yi Barbara Wright, ita ma malamar tarihi, wadda ta sha tsaya wa Dakta na farko a gaba. Amma kyamara tana da abin da take so, masu kuɗin shiri kuma sun san shi. Da aka cire kyamara, sai wannan sharaɗi ya faɗi da kansa. Kunne ba ya tambayar shekaru. Abin da yake nema shi ne murya mai ɗauke da wani abu, kuma Maggie Stables, wadda ta yi Evelyn, ta shafe shekaru tana koyar da Faransanci kafin ta koma wasan kwaikwayo. Muryar malama ce ta gaske. In ta kira sunan Dakta da wani irin sauti, kai da kake saurare ma sai ka gyara zama.

Misalin da ya fi fito da wannan a fili shi ne Jubilee na 2003, wanda Robert Shearman ya rubuta. A cikinsa akwai Dalek guda ɗaya tak, wato ɗaya daga cikin halittun nan masu sulken ƙarfe da ba su san komai ba sai kisa, an tsare shi a Hasumiyar Landan ana gana masa azaba shekara da shekaru, a wata Ingila da tarihinta ya karkace. Evelyn ce ta shiga ɗakin ta zauna ta yi magana da shi. Tana jin tsoro, ba ta ɓoye ba, amma ta saurare shi a matsayin sojan da ya rasa mai ba shi umarni, har ya kai ga ya kasa kashe ta. Da shirin ya dawo talabijin a 2005, shi dai wannan marubuci ya sake gina labarin da sunan Dalek, da Rose Tyler a gurbin Evelyn. To a can me ya sauya halittar? Rose ta taɓa shi da hannu, ya zuƙi wani abu daga jikinta, sai ya fara jin tausayi. Kashin ya yi kyau, ban musa ba. Amma dubi bambancin: a talabijin taɓawa ce ta yi aikin cikin daƙiƙa biyu, a faifai kuwa hira ce, doguwa, mai hawa da sauka, tsakanin tsohuwa da makashi. Ɗaya sihiri ne, ɗaya kuma aiki ne. Ni na fi yarda da na biyun.

Sai dai ba wannan ne ya sa nake cewa ba a yi kamarta ba. Dalilin shi ne Evelyn tana ƙirga gawa.

Shirin Doctor Who cike yake da mutuwa. A kowane labari sai an kashe masu gadi, da ma'aikata, da wani yaron kirki da ya taimaka, sannan a ƙarshe Dakta da abokiyar tafiyarsa su yi raha su shiga jirgi, mako mai zuwa kuma ba mai tuna su. Haka tsarin yake, kuma mun saba. Marubutan Evelyn suka ce a'a, mace mai shekara 55 da ta yi rayuwarta tana kula da 'ya'yan mutane ba za ta iya wannan mantuwa ba. A Project: Twilight na 2001 sun haɗu da wata yarinya, Cassie, mai aiki a gidan caca a Landan, wadda ta bar ɗanta ƙarami a gida wajen mahaifiyarta ta zo neman kuɗi. Aka mai da ita mai shan jini. Dakta ya ajiye ta a Norway da alkawarin zai nemo magani ya dawo. Da suka dawo a Project: Lazarus na 2003, sun makara, kuma a ƙarshe aka kashe ta. Dakta ya yi abin da ya saba, ya nemi a ci gaba da tafiya. Evelyn ta ƙi. Kukan da ta yi a wannan faifai ba irin kukan fim ba ne, irin wanda ake yi ne a bayan ɗaki.

A tsakanin waɗannan biyun akwai Doctor Who and the Pirates, shi ma na 2003, wanda a ganina shi ne ƙololuwar abin da aka yi da ita, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri in ɗan daɗe a kansa. Labarin ya buɗe da Evelyn ta je ɗakin wata ɗalibarta, Sally, da dare, ba a gayyace ta ba, ta zauna ta ce sai ta ba ta labarin 'yan fashin teku. Kuma ba ta iya ba da labarin ba. Tana mantuwa, tana gyarawa, tana ba matuƙan jirgi suna iri ɗaya, Sally kuwa sai cewa take a ƙyale ta. Can Dakta ya iso ya karɓi labarin, har kashi na uku ya rikiɗe ya zama na waƙe-waƙe, bisa salon Gilbert da Sullivan, mawaƙan barkwancin Ingila na ƙarni na 19. Kana ta dariya, sai a hankali ka lura cewa duk sanda labari ya doso wani wuri, Evelyn sai ta kauce. Akwai wani yaro a jirgin, Jem, wanda shugaban 'yan fashin ya kashe, kuma tana ganin da hannunta a ciki, don haka ba ta son isa wurin. Sannan ka gane dalilin zuwan nata: Sally ta yi hatsarin mota wanda ya kashe masoyinta, kuma a daren nan ta yi niyyar kashe kanta. Duk shirmen nan da waƙe-waƙen, dabara ce ta a riƙe yarinya da hira har gari ya waye.

Mu da muka tashi a gaban kakanni masu tatsuniya ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a nan. Mun san cewa tsohuwa in ta ce zo ka ji labarin gizo, wani lokaci ba gizon ne a ranta ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ganin Turawa sun gina labarin kimiyya sukutum a kan wannan hikima, kuma ba zai yiwu a yi shi a talabijin ba, domin dukkan ƙarfinsa yana cikin cewa ba ka ganin komai sai abin da mai ba da labari ta yarda ta faɗa.

Daga nan sai Arrangements for War na 2004, inda ta ce wa Dakta a fili tana son ya ba ta wuri ta numfasa. Suka sauka a wata duniya mai suna Világ, kowa ya kama gabansa. A can ta haɗu da Rossiter, wani dattijon shugaba, soyayya ta shiga tsakaninsu, irin ta manya, ba gaggawa. A ƙarshen labarin Dakta ne da kansa ya ɗanɗani abin da take ji, bayan mutuwar wasu masoya biyu da ya shiga lamarinsu, har ya tashi zai koma baya ya sauya tarihi, ita ce kuma ta hana shi. Wadda ta zarge shi da rashin jin zafin mutuwa ita ce ta riƙe hannunsa ranar da zafin ya yi masa yawa. A duk tsawon wannan lokaci kuma tana fama da ciwon zuciya tana ɓoye masa, don ta san in ya sani zai mai da ita gida, gida kuwa ba abin da ke jiranta sai ritaya.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini. Na farko, wai ai wannan ma tsohon zance ne, an kawo mace ta gyara namiji, ta zama uwa, mai kek da koko da rigar sanyi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Wasu marubutan, musamman a faifan da suka biyo bayan 2005, in sun rasa abin yi da ita sai su sa ta ambaci kek ɗin cakulan, shi ke nan wai an nuna hali. Akwai labaran da in ka cire sunanta ka sa na wata, ba abin da zai canza. Amma a inda aka rubuta ta da kyau, ba lallashinsa take yi ba, gardama take yi da shi a matsayin sa'a, kuma tana da abin da take so wa kanta: ta ga Charles Darwin a tsibiran Galapagos, ta ga Edinburgh ta zamanin Burke da Hare, masu kashe mutane su sayar wa likitoci da gawa. A wannan labarin na biyu ma, Medicinal Purposes, ita ce ta ji ƙyamar yadda Dakta yake neman yi wa kisan uzuri da cewa ilimin likitanci ya amfana. Uwa mai lallashi ba ta yin haka. Gyara kayanka kuma ai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Na biyu, wai ta lalata Dakta na shida, ta cire masa ƙaya, ya zama kawu mai fara'a. Ni ban ga haka ba. Girman kan yana nan, dogon Turancin yana nan. Abin da ya ƙaru shi ne yanzu akwai wadda yake jin kunya. Mutum mai kaifin baki da ba ya jin kunyar kowa abin gudu ne, amma in akwai mutum ɗaya da yake sassauta murya a gabansa, sai ka fara ganin abin so a tattare da shi. Colin Baker bai sauya ba, an dai ba shi abokiyar wasan da ta dace ne, shekara 14 bayan an sallame shi.

Na uku, za a ce ai talabijin ma ya yi manyan mata daga baya. Haka ne. Sarah Jane ta dawo a 2006 har aka ba ta shirinta, Donna Noble ta dawo a 2023, Mel ma haka. Amma duk waɗannan da sauran ƙuruciyarsu suka fara shiga Tardis, daga baya aka dawo da su saboda ana kewarsu. Evelyn da furfurarta ta fara. Ba a taɓa saninta tana yarinya ba, ba ta da wani tsohon hoto da za a tuna. Wannan shi ne abin da nake so masu rubuta mana fim da wasannin rediyo su duba. Mu da muke da al'ummar da ta fi kowa riƙon rediyo, mu da muke cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, sau nawa muke ba mace mai shekara 55 labarin da ita ce ke tafiya, ita ce ke gano abu, ita ake nema da aure? Galibi tana zaune ne a kan tabarma tana sa albarka, ko kuma ita ce muguwar uwar miji. Ba kuɗi ne ya hana ba, domin Big Finish a lokacin a ɗan ɗakin ɗaukar murya suke aiki.

Yadda ta bar Dakta ma ya bambanta. Ba a kashe ta don a girgiza mai saurare ba, ba a goge mata tunani ba, ba a kulle ta a wata duniya tana kuka ba. A Thicker Than Water na 2005 mun ji cewa ita ta zaɓa: ta koma Világ ta auri Rossiter. Dakta bai ji daɗi ba, rabuwar tasu ta yi sanyi, sai daga baya ya dawo suka shirya. Ba ta koma Sheffield da zama ba. Ta yi gida a inda ba a haife ta ba, cikin mutanen da ba nata ba, da 'yar miji da sai da aka sha fama kafin su fahimci juna, har ta shiga harkokin ƙasar tana faɗa ana ji. Wannan ɓangare yana taɓa ni, kuma na san zai taɓa da yawa daga cikin masu karanta ni a nan Kudu, waɗanda suka zo da niyyar shekara biyu ga shi yanzu 'ya'yansu sun fi su jin yaren gari.

A wannan faifan ne kuma Dakta na bakwai, wato Sylvester McCoy, ya leƙo ta a asirce ya gaya mata cewa ɗan da Cassie ta bari ya girma, ya zama ma'aikacin jinya, ana kiransa Hex, kuma yana tare da shi a Tardis. Shekara biyar bayan haka, a A Death in the Family na 2010 wanda Steven Hall ya rubuta, Evelyn ta tsufa, Rossiter ya rasu, ta haɗu da Hex ɗin ido da ido. Mugun labarin wata halitta ce da ke rayuwa a cikin kalmomi, ba a kama ta da bindiga ko sarƙa. Evelyn ce ta riƙe shi a cikin labarin da take bayarwa, ta ci gaba da magana har numfashinta ya ƙare, shi kuma ya tafi tare da ita.

Maggie Stables ta sake yin wasu labarai uku da Colin Baker a 2011, waɗanda suka faru kafin wannan a tsarin labari. Ta rasu a watan Satumba 2014. Wanda yake son ya gwada, ya fara da The Marian Conspiracy, ya bi da Jubilee, sannan labarin 'yan fashin teku. Kowanne bai fi awa biyu da 'yan mintoci ba, wato cunkoson yamma guda a Legas ya ishe shi. Na ukun dai kada a saurare shi ana tuƙi.

Sai mun sake haɗuwa.